Tsakanin Samaru da Dawanau

A 'yan shekarun nan wani irin ɗalibi yana ƙara yawa a jami'o'inmu, wanda a da ba kasafai ake ganinsa ba. Magidanci ne da ya haura shekara talatin, da mata da 'ya'ya biyu ko uku, ya daɗe yana koyarwa a makarantar kuɗi ko yana ƙirga kuɗin jama'a a bayan kantar banki, har aka wayi gari albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, ya duba gaba kuma bai hango sauƙi ba. Sai ya ɗaura niyyar komawa aji ya koyi wata hanyar neman abinci. Da yawansu harkar amfanin gona suka nufa, domin kowa ya ga abin da farashin hatsi ya yi a shekarun baya-bayan nan. Idan irin wannan mutum ya samu gurbin karatu a gari biyu ya shiga neman shawara, tambaya biyu dangi da abokai suke yi masa. Wace jami'a ce ta fi suna? A wane gari kake da ɗan'uwan da za ka raɓa? Waɗannan tambayoyi sun dace da yaro ɗan shekara goma sha takwas da uba ke biya wa kuɗin makaranta. Magidancin da ya ajiye aiki kuwa, akwai tambayar da ta riga su, ita ce kuma aka fi mantawa da ita: sana'ar da kake son shiga, a wane gari take kwana take tashi?

Kwanakin baya ɗan ƙanwata, wanda ya daɗe yana aikin banki a Katsina, ya zo mini da takardu biyu. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a Zariya ta ɗauke shi karatun gaba da digiri a fannin tattalin arzikin noma, Jami'ar Bayero ta Kano ita ma ta ɗauke shi a fanni makamancin wannan. Ya ce, "Kawu, kai ɗan Samaru ne, na san abin da za ka ce, amma ina so in ji daga bakinka." Yana da dalilin yin wannan zato. A Samaru na koyi aikin gona, kuma duk tsawon aikina na malamin gona a ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, abin da Samaru ta fitar shi nake kai wa manoma. Na tambaye shi, in Allah ya sa ya kammala, me yake so ya riƙa yi in ya tashi da safe? Ya ce yana so ya riƙa sayen riɗi da zoɓo da waken suya a hannun manoma, ya gyara, ya sayar wa masu kamfani da masu fita da kaya waje, in hali ya yi wata rana ya kafa injin gyara nasa na kansa. Na ce masa, "To ɗana, Kano za ka."

Wannan magana ba ta rage wa Zariya komai ba, kuma ba zan yarda wani ya karanta ta haka ba. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, shekara arba'in ke nan kafin a buɗe jami'ar kanta a 1962. Duk manomin da ya taɓa sayen ingantaccen iri ya ga SAMMAZ a jikin ledar masara, ko SAMNUT a ta gyaɗa, ko SAMSORG a ta dawa, daga can suka fito. Waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, mai jure wa tsutsar da ke huda kwanso, aikin Samaru ne. In ka miƙe hanyar Funtuwa kaɗan ka isa Shika, ga cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, wadda ta fitar da kazar ƙwai ta Shika Brown. Ga cibiyar da ke kula da aikin malaman gona ta ƙasa baki ɗaya, ga ta binciken fata da ƙirgi, ga kamfanonin iri da suka kafu a garin saboda kusanci da masana. Ban da wannan, Samaru wuri ne da aka yi domin karatu. Hayar gida ba ta kai ta Kano ba, iska ta fi sanyi, ɗalibin da ke zaune a Hayin Dogo ko Ɗanraka zai iya zuwa aji a ƙafa ko a keke, ya wuni a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Da yaron nan ya ce mini iri yake so ya riƙa nomawa yana sayarwa, ko kiwon kaji na zamani, ko aikin bincike, ko koyarwa, da ban bar shi ya ƙarasa magana ba zan ce ya tattara ya nufi Zariya. Waɗannan sana'o'i a can suke kwana.

Amma abin da ya ambata, fatauci ne da sarrafa kaya, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a Dawanau da kaka ya san inda wannan yake. Kasuwar tana bakin Kano kan hanyar Katsina, a ƙasar Dawakin Tofa, kuma da wuya a samu kasuwar hatsi da ta kai ta girma a Afirka ta Yamma. Tireloli na sauke riɗi daga Jigawa da Bauci da Nasarawa da Binuwai, wasu na loda gero da dawa da masara zuwa Nijar da Cadi da Kamaru. Zoɓon da matan karkara suka ɓare da hannu a Jigawa da Katsina, daga nan yake kama hanyar Meksiko. Riɗin kuwa Sin da Japan da Turkiyya ake kai shi. A cikin Kano ga Sharaɗa da Calawa da Bompai, inda kamfanonin mai da na casar shinkafa da na abincin kaji suke jiran kaya kullum. Ga tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023 domin masu kwantena. In ka fita ta hanyar Zariya ka isa Kura da Kadawa, ga noman rani da ruwan Tiga ke shayarwa. Mai saye da mai sayarwa da mai sarrafawa da mai mota da mai sito duk suna cikin tafiyar awa guda da juna.

Akwai ilimin da ke cikin wannan kasuwa wanda babu malamin jami'ar da zai iya rubuta shi a allo, komai ƙwarewarsa. Yadda ake zura hannu cikin buhu a gane riɗin da aka cakuɗa da yashi. Yadda ake gane waken da aka jiƙa don ya ƙara nauyi. Wane dillali ne in ya ce kaya na hanya, to suna hanya, wane ne kuma sai ka gani da idonka. Wane kamfani ne ke biya cikin mako, wane ne zai riƙe maka kuɗi har jarinka ya narke. Nawa ne la'ada, nawa ne kuɗin dako, nawa ne hayar sito, wane wata ne ake ajiye kaya a ci riba, wane ne kuma ake ajiyewa a kwana ciki. Bayan duk wannan akwai abin da ya fi su tsada, wato a san fuskarka. A Dawanau ana ɗaukar kayan miliyoyi a kan kalma, babu takarda babu sa hannu. Ba a ba baƙo wannan amana. Sai wanda aka saba gani a rumfa, aka yi sahu ɗaya da shi a azahar, aka gan shi a wurin jana'iza da ɗaurin aure, aka gwada shi da ƙaramin abu bai ci ba. Wannan abu lokaci yake ci, kamar yadda digiri yake cin lokaci. Hujjata ke nan gaba ɗaya: mutumin da ya kusa arba'in ba shi da sararin da zai yi su ɗaya bayan ɗaya. Dole ya haɗa su a shekaru guda, kuma hakan ba ya yiwuwa sai makaranta da sana'a suna gari ɗaya.

Kada kuma a ce to ai sai ya bar karatun ya tafi kasuwa kawai. Kasuwar tana da ramin da mai ilimi ne zai cike shi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da ake samu a jikinsa, maganin da ake zuba wa wake a sito don gudun ƙwari. Meksiko ma ta taɓa dakatar da sayen zoɓonmu saboda ƙwaron rumbu, 'yan kasuwa da manoma suka ji a jikinsu. Gyaɗa da masara suna fama da gubar fumfuna idan ba a busar da su yadda ya kamata ba, kuma mai saye a waje sai ya auna kafin ya karɓa. Alhazan da suka yi shekara talatin a harkar suna da jari da suna, amma da yawansu suna neman wanda ya san awon danshi, ya san yadda ake adana wake a buhun nan mai ninki uku ba tare da guba ba, ya iya rubuta lissafin da banki zai duba ya ba da rance, ya iya cika takardun fitar da kaya. Tsohon ma'aikacin banki da ya ƙara da karatun noma, wannan gurbi nasa ne. Abin da ya ji a lacca ranar Litinin zai gwada shi a sito ranar Alhamis, tambayar da ta taso a sito kuma ya kai wa malaminsa mako mai zuwa. Kano ɗin ma ba ta rasa masana ba. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Noman Tsandauri tun 2012, kuma cibiyoyin bincike na duniya irin su IITA da ICRISAT suna da ofisoshi a garin.

Mahaifiyarsa, ƙanwata, ba ta gamsu da sauri ba. Ta ce, "Yaya, Zariya da Kano ai maƙwabta ne. Ya yi karatunsa cikin natsuwa, duk ƙarshen mako ya leƙa kasuwar." Mutane da yawa haka suke lissafi, kuma a taswira lissafin daidai ne, kilomita 150 ne da 'yan kai. Amma a lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa a yau. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000, kuɗin mota kuma ya bi ta. Mutumin da ya bar albashi yana cin ajiya, tafiyar da ya ce zai yi duk mako za ta koma duk wata, daga nan ta koma sai an yi hutu. Ko da ya jure, mai zuwa ranar Asabar ɗan kallo ne. Farashi yakan juya da safe ya sake juyawa kafin la'asar, kuma ranar da babbar dama ta faɗo babu wanda zai ɗaga waya ya nemi mutumin da ke wani gari, wanda ke tsaye a gabansa zai ba.

Akwai kuma abin da ba mu son ambatawa in ana maganar jami'a, amma magidanci dole ya sa shi a lissafi. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. A 2020 ma an yi wanda ya kusa wata tara. Ba fata nake yi ba, Allah ya kiyaye. Amma mutum ya tambayi kansa, idan aka rufe aji gobe, me zan riƙa yi a garin nan? Wanda ya san Samaru a lokacin yajin aiki ya san yadda take yin tsit. Masu abinci da masu shagon buga takardu da 'yan acaɓa duk sai su shiga wani hali, domin ɗalibai ne kasuwarsu. Yaro yakan koma gidan ubansa ya jira. Magidancin da ya biya hayar shekara ya sa 'ya'ya a makaranta, ina zai koma? Idan a garin sana'arsa yake, watannin nan ba su tafi a banza ba, ya samu cikakken lokacin koyon aiki ke nan.

Na yarda Kano tana da tsada, kuma tana da wahala. Gidan da za ka kama a Samaru da kuɗi kaza, a Janbulo ko Rijiyar Zaki sai ka ƙara sosai. Cunkoson Kabuga da safe yakan cinye wa mutum awa, kuɗin A Daidaita Sahu kullum yana cizo, zafin bazara kuma ba a magana. Wanda yake da dangi a garin kada ya ɗauka sauƙi kawai ya samu. Dangi rufin asiri ne ranar da yaro ya kwanta ciwo da dare, amma kuma biki ne da suna da gudummawa kusan kowane mako, kuma ba kowa ne zai fahimci cewa mutumin da jiya yake banki yau ɗalibi ne marar albashi ba. Haɗarin da na fi ji masa tsoro ma ba wannan ba ne. Kasuwa tana da zaƙi. Mutum yakan ci ribar buhu hamsin sau ɗaya ya fara ganin lacca ɓata lokaci ce, sai a nemi littafin bincike a rasa, shekara ta zagayo bai kammala ba. Na ga waɗanda hakan ta faru da su. Maganinsa shi ne mutum ya raba kwanakinsa tun farko ya riƙe rabon da ƙarfi, ya kuma zaɓi batun bincikensa daga cikin sana'ar, yadda in ya je sito yana tambayar yawan asarar da ake yi wajen adana riɗi, karatun yake yi kuma aikin yake koya.

Abu na biyu da na ja masa kunne a kai shi ne kuɗin sallamarsa. Sabon shiga mai 'yan kuɗi a hannu da turanci a baki, daga nesa ake hango shi. Na ce kada ya zuba ko kwabo a kakar farko. Ya nemi maigida, ya zauna a rumfarsa, ya riƙe masa littafi, ya bi mota zuwa kasuwannin ƙauye irin su Maigatari, ko da ba za a biya shi komai ba sai kuɗin abinci. Da ɗan gari kan ci gari. Girman kai na tsohon ma'aikaci shi ne abin da zai fara ajiyewa, domin yaron da bai gama firamare ba zai koya masa abubuwa da yawa a watannin farko, kuma ya kamata ya saurara.

Sai maganar iyali, wadda maza sukan bari sai sun gama yanke hukunci sannan su sanar. Wannan zalunci ne, kuma rashin dabara ne. A shekarun da maigida yake aji, sau da yawa abin da matar take samu shi ke riƙe tukunya. Matar ɗan ƙanwata tela ce. Na ce ya je ya tambaye ta kafin ya ba kowa amsa. A Katsina tana da masu kawo mata ɗinki da ta tara cikin shekaru, duk inda suka koma daga farko za ta soma. A Kano tana da Kantin Kwari kusa, da unguwanni cike da mata masu biki, amma kuma da dubban teloli da suka riga ta. Ita ce ta san wanne ya fi mata, kuma amsarta tana da nauyi daidai da tasa. Su yara kuwa, tashi daga gari zuwa gari kamar dashen tumatir ne a gare su: in ka cire ka dasa sau ɗaya ya yi yaushi ya farfaɗo, in ka sake tumɓukewa bayan ya fara kama ƙasa, da wuya ya yi 'ya'ya yadda ya kamata. Wanda ya kai iyali Zariya shekara biyu, sannan ya kwashe su zuwa Kano neman sana'a, ya biya kuɗin ƙaura sau biyu, ya canza wa yara makarantar boko da Islamiyya sau biyu, ya kashe wa matarsa kasuwa sau biyu. Wasu sukan ce to a bar iyali a gida, shi ya tafi shi kaɗai. Yana yiwuwa, amma tukunya biyu ke nan a kan aljihun da babu albashi, ga nisa da ke sanyaya gida.

Game da sunan jami'a, ina ganin mun gaji wannan tunani ne daga zamanin da takarda take kai mutum ofis kai tsaye. A lokacinmu haka abin yake, kafin ka gama ana jiranka da aiki. Yanzu tallan ɗaukar ma'aikata da yawa sukan ƙayyade shekaru, kuma mai shekara talatin da bakwai yakan tarar an rufe ƙofar kafin ya iso. Shi ba takarda zai kai wa kowa ba, abin da ya iya zai nuna. Jami'o'in nan biyu kuma kowacce ta isa. Bayero ma daga jikin Ahmadu Bello ta fito, kwalejinta ce kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977. Bambancin da ke tsakaninsu a idon mai ɗaukar aiki bai kai bambancin da ke tsakanin wanda kasuwa ta sani da wanda ba ta sani ba. Haka zan gaya wa 'yar Kano da take son ta zama mai noman iri: ta bar Kano ta tafi Samaru, ko da a nan aka haife ta, ko da duk danginta suna nan.

Abin da ke damuna a ƙarƙashin wannan duka shi ne, bai kamata zaɓin ya yi tsanani haka ba. Ilimin noma mafi daɗewa a Arewa yana Samaru, kuɗin amfanin gona mafi yawa yana Dawanau, tafiyar 'yan awanni ce tsakaninsu, amma ɗalibi zai iya gama digiri na biyu a kan kasuwancin hatsi bai taɓa wuni a rumfar dillali ba, ɗan kasuwa kuma ya yi asarar tirela guda saboda abin da aka daɗe da gano maganinsa a ɗakin gwaji. Ina roƙon shugabannin sassan noma na jami'o'in biyu su zauna da shugabannin kasuwar su tsara wani abu mai sauƙi. Ɗalibin Samaru da ke karatun kasuwancin amfanin gona a tura shi Dawanau kaka guda, daga Oktoba zuwa Janairu, a ƙarƙashin ɗan kasuwar da aka amince da shi, a kuma ba shi maki a kan haka. Ɗalibin Bayero da ke son harkar iri a tura shi gonakin gwaji na Samaru damina guda. Su kuma manyan ɗalibai masu iyali, a tattara musu laccocinsu cikin kwana biyu ko uku a mako, a sanar da su jadawalin tun kafin su biya kuɗin rajista, domin su san kwanakin da suka rage musu na neman abin da za su ciyar da gida.